Kiɗan Sararin Samaniya: Ina Sautin Ya Fito Alhali Can Babu Iska?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon fim irin na yaƙe-yaƙen sararin samaniya ya san yadda abin yake. Kumbo ya taso a guje yana ruri, wani ya biyo shi yana ɓarin wuta, can sai a ji fashewa kamar faɗuwar aradu, ga kuma wani irin kiɗa mai sa tsigar jiki tashi yana bi ta ƙarƙashi. Abin ma har ya shigo wayoyin hannu, inda akan turo wa mutum guntun sauti a ce masa wannan ƙarar rana ce, ko kuwa kukan wata duniya ne da masana suka ɗauko. To amma ɗalibin da ya riƙe darasinsa na kimiyya zai tuna an gaya masa cewa sauti ba ya tafiya inda babu iska. Idan haka ne, ina waɗannan sautuka suka fito? Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin kiɗan da sha'awar samaniya da ƙagaggun labaran kimiyya suka haifar, kuma shi za mu bi a wannan maƙala.

Me Ya Sa Sararin Samaniya Ya Yi Tsit?

Sauti ba kome ba ne illa girgiza. Idan makaɗi ya doki kalangu, fatar takan yi ta karkarwa, ta tura ƙwayoyin iskar da ke kusa da ita, su kuma su tura na gaba da su, a haka har turin ya iso dodon kunnen mai sauraro. Ƙwayoyin ba su barin wurarensu su zo kunne. Turin ne ke wucewa daga wannan zuwa wancan, kamar yadda mutane kan jeru suna miƙa bokitin ruwa hannu da hannu wajen kashe gobara. A cikin iska sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa kuwa kusan mita 1,500.

Yawan girgiza a daƙiƙa shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya yi siriri, kuma da ma'aunin Hertz ake auna shi. Idan mai kalangu ya matse igiyoyin da hammatarsa, fata ta ɗame, girgiza ta ƙaru, sai muryar kalangun ta hau. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ya kama daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Duk lokacin da yawan girgiza ya ninka biyu, makaɗan Turai sukan ce an hau oktaf ɗaya, mu kuwa a nan za mu ce an yi hawa ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi.

Tun a shekarar 1660 wani masani ɗan Ailan mai suna Robert Boyle ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya rataya agogo mai ƙas-ƙas a cikin tulun gilashi, ya yi ta zuƙe iskar ciki da famfo. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace, alhali agogon bai tsaya ba, da aka mayar da iska kuma ƙarar ta dawo. Sararin da ke tsakanin taurari ya fi tulun Boyle zama fayau nesa ba kusa ba. Iskar da muke shaƙa tana da ƙwayoyi kimanin 25 da sifiri 18 a bayansa a cikin gurbin da bai wuce girman ƙwayar sukari mai iyali ba, amma tsakanin taurari ƙwaya ɗaya ce ko makamancin haka a gurbi irin wannan. Babu masu miƙa bokiti ke nan. Shi ya sa 'yan sama jannatin da suka sauka a wata, ko suna dab da juna, sai ta rediyo suke magana, domin igiyoyin rediyo dangin haske ne, ba su bukatar iska.

Saboda haka rurin kumbo da fashewar da ake ji a fim irin Star Wars na 1977 duk a ɗakin haɗa sauti aka ƙera su. Stanley Kubrick, a fim ɗinsa na 1968 mai suna 2001: A Space Odyssey, ya bi gaskiyar kimiyya a nan, inda ya bar wasu sassan da aka nuna a wajen kumbo shiru, ba a jin kome sai numfashin ɗan sama jannati a cikin rigarsa.

Tsohon Tunani Kan Kiɗan Taurari

Danganta samaniya da kiɗa ya girmi fim da shekaru fiye da dubu biyu. Ana jingina wa Pythagoras, Bagirken nan da ɗalibai suka sani a darasin lissafi, gano cewa daɗin sautuka yana bin ƙa'idar lambobi. Kowa na iya gwadawa da tsirkiyar gurmi ko ta garaya: a danne ta daidai tsakiya a kaɗa, sautin zai yi hawa ɗaya cif. Almajiransa suka ce tun da rana da wata da duniyoyi suna tafiya bisa ƙididdiga, lalle su ma suna fitar da kiɗa, sai dai ba mu lura da shi saboda tun haihuwa muke jin sa. Aristotle bai yarda da wannan ba, amma ra'ayin bai mutu ba. Malaman nan na Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun kawo shi a risalarsu ta kiɗa a ƙarni na goma.

A shekarar 1619 Bajamushen masanin falaki Johannes Kepler ya fitar da littafi kan jituwar halittu. Ya ɗauki saurin kowace duniya lokacin da ta fi kusa da rana da lokacin da ta fi nesa, ya kwatanta su, ya mayar da sakamakon sautukan kiɗa. Kepler ya faɗa a fili cewa wannan kiɗa na hankali ne, kunne ba ya jin sa. Abin lura shi ne, a cikin wannan littafi ya bayyana dokarsa ta uku, wadda ta nuna dangantakar nisan duniya daga rana da tsawon shekararta, dokar da har yau ake koyarwa. Garin neman kiɗa ya tsinci ƙa'idar kimiyya.

Shekaru ɗari uku bayan haka, tsakanin 1914 da 1917, wani Bature ɗan Ingila mai suna Gustav Holst ya tsara kiɗa mai kashi bakwai, kowane kashi da duniyarsa: Mirrihi, wato jar duniyar da ake kira Mars, da Zuhura da Uɗaridu da Mushtari da Zuhalu da Yuranus da Neftun. Bai sa duniyarmu ba, Fuluto kuwa ba a gano ta ba sai 1930. Holst bai ɗauko halayen duniyoyin daga ilmin falaki ba, daga masu duba da taurari ya aro su, shi ya sa ya ba Mirrihi kiɗan yaƙi mai bugu biyar-biyar. A kashin ƙarshe ya sa mata masu rera waƙa a wani ɗaki na daban, ana rufe ƙofar a hankali har muryoyinsu su ɓace, kamar abin da ke nisa zuwa inda ba iyaka. Masu tsara kiɗan fina-finai sun sha ɗiba daga wannan rijiya.

Yadda Lantarki Ya Ba Samaniya Murya

Sautin nan mai kama da shewar aljanu, wanda da an ji shi sai a tuna baƙi daga wata duniya, a ɗakin gwaje-gwaje aka haife shi. Wajen shekarar 1920 wani matashin masani ɗan Rasha, Lev Termen, yana aikin na'urar auna halayen iskar gas, sai ya lura cewa sautin da take fitarwa yana sauyawa idan ya kai hannu kusa. Daga nan ya ƙera abin kiɗan da ake kira teramin, wanda ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba.

Ga yadda yake aiki. A cikinsa akwai da'irorin lantarki biyu masu girgiza da saurin da ya fi ƙarfin kunne. A ƙaddara ɗaya tana girgiza sau 170,000 a daƙiƙa, ɗayar kuma sau 170,440. Idan aka gauraya su, bambancin da ke tsakani, wato 440, shi lasifika ke fitarwa, kuma kunne yana jin sa. Ɗaya daga cikin da'irorin tana haɗe da eriya a tsaye. Jikin mutum yana riƙe cajin lantarki, saboda haka kusantar hannu tana sauya saurin wannan da'ira, bambancin ya ƙaru, sauti ya hau. Wata eriyar mai lanƙwasa tana kula da ƙarfin ƙarar. Sautin teramin yana zamewa ne daga ƙasa zuwa sama ba tsalle, kamar yadda mai goge ke jan yatsa a kan izga, ga shi kuma babu numfashi ko bugu a cikinsa.

A 1951 Bernard Herrmann ya yi amfani da teramin biyu a fim ɗin The Day the Earth Stood Still, labarin baƙon da ya sauka a birnin Washington. A 1956 wasu ma'aurata, Louis da Bebe Barron, suka yi wa fim ɗin Forbidden Planet kiɗa da da'irorin lantarki zalla, waɗanda suka harhaɗa da hannunsu. Ba a daɗe ba gaskiya ta iske ƙage. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, wanda ya yi kusan mako uku yana aiko da saƙon tsit-tsit da masu rediyo mai gajeren zango suka riƙa kamawa. A 1962, shekarar da aka harba tauraron sadarwa na Telstar, wani mai haɗa faifai a Landan, Joe Meek, ya fitar da kiɗa mai wannan suna, ya kuwa shige gaba a kasuwar faifai ta Ingila da ta Amurka.

A 1963 wata ma'aikaciyar BBC, Delia Derbyshire, wadda ta karanta lissafi da kiɗa a Jami'ar Kambirij, ta haɗa taken shirin talabijin na Doctor Who, wanda Ron Grainer ya rubuta. Ba ta da na'urar haɗa sauti irin ta yau. Ta ɗauki sautuka ɗaya bayan ɗaya a zaren rikoda, tana ƙara masa gudu ko ta rage domin samun sautin da take so, tun da ninka gudun zare biyu yana ba da hawa ɗaya. Sa'an nan ta yi ta yanka zaren da reza tana liƙawa har kiɗan ya haɗu.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan sautuka da ya zo daga samaniya. Baƙi ne ga kunne, aka haɗa su da hotunan baƙin wurare, aka yi ta maimaitawa har sabo ya ɗaure su tare.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki samaniya a matsayin hanyar faɗar abin da ke damun su a ƙasa. Sun Ra, baƙar fatar Amurka da aka haifa a jihar Alabama a 1914, a zamanin wariyar launin fata, ya riƙa cewa shi daga duniyar Zuhalu ya zo. Shi da ƙungiyarsa sukan yi shiga mai haɗa ta Masar ta dā da ta 'yan sama jannati, suna gauraya kiɗan jaz da na lantarki. A fim ɗinsa na 1974 ya nuna samaniya a matsayin wurin da baƙar fata zai sami 'yancin da aka hana shi a gida. Yana cikin makaɗan da suka zo Legas bikin FESTAC na 1977.

Kiɗan Da Muka Aika Can

A cikin kumbo akwai iska, saboda haka ana jin kiɗa sarai. A watan Disamba na 1965 'yan sama jannatin kumbon Gemini 6, Wally Schirra da Tom Stafford, suka busa ɗan ƙaramin abin busa na baki tare da kaɗa 'yan ƙararrawa, kuma su ne suka fara kaɗa kayan kiɗa a sararin samaniya. A 2013 Chris Hadfield na Kanada ya rera waƙar David Bowie ta 1969 mai suna Space Oddity, yana kaɗa jita a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa.

Aike mafi nisa shi ne na kumbunan Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977. An liƙa wa kowannensu faifan tagulla mai ruwan zinariya, irin na garmaho, tare da allurarsa da zanen yadda ake juya shi. Kwamitin da masanin falaki Carl Sagan ya shugabanta ya zuba gaisuwa cikin harsuna 55, har da Larabci, da hotuna fiye da ɗari, da kiɗa na kimanin minti 90. A ciki akwai Bach da Beethoven da Chuck Berry, da waƙar 'yan matan Mbuti na dajin Kwango. A 2024 Voyager 1 ya riga ya wuce nisan kilomita biliyan 24 daga duniya, amma duk da haka sai bayan shekaru kimanin 40,000 zai gifta kusa da wani tauraro. Faifan ma ba ya fitar da ƙara a can. Girgiza ce aka zana a jikin ƙarfe, tana jiran allura da iska da kunne.

Sautin Da Masana Ke Fassarawa

Saura guntayen da ake cewa masana sun ɗauko. Yawancinsu fassara ce, wato a ɗauki abin da na'ura ta auna, kamar igiyoyin rediyo, a mayar da shi girgizar lasifika. A farkon shekarun 1930 injiniya Karl Jansky yana binciken abin da ke kawo shuu a wayar tarho ta rediyo, sai ya gano cewa wani sashe na shuu ɗin daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki yake zuwa. Daga nan aka sami reshen falaki mai aiki da rediyo.

A 1967 wata ɗaliba a Kambirij, Jocelyn Bell, ta ga saƙon rediyo mai maimaituwa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi. Aka gano gawar tauraro ce mai juyawa, tana watsa igiyoyin rediyo kamar fitilar da ake wulwulawa. Irin waɗannan taurari ana kiran su fulsa. Wanda ke juyawa a hankali, in aka sa saƙonsa a lasifika, kamar bugun ganga yake, wanda ke juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa kuwa bugun yakan haɗe ya zama sauti guda. Yaran da ke maƙala kwali a wayoyin ƙafar keke sun san wannan: a hankali ƙat-ƙat ake ji, in an yi gudu ya koma ruri. Bafaranshe Gérard Grisey ya tsara kiɗa na masu ganga shida wanda aka saka bugun fulsa a cikinsa.

Haka kuma, na'urar da ke jikin Voyager 1 ta auna karkarwar siririyar iskar gas mai caji da ke kewaye da kumbon. Da masana a Jami'ar Iowa, ƙarƙashin Don Gurnett, suka ga saurin karkarwar ya ƙaru, suka san gas ɗin ya ƙara kauri, wannan kuwa ya taimaka wajen tabbatar da cewa kumbon ya fita daga yankin iskar rana a watan Agusta na 2012.

Akwai inda sauti na haƙiƙa yake, domin duk inda gas ya taru turi na iya wucewa. A 2003 na'urar hangen nesa ta Chandra ta nuna igiyoyin sauti da wani ƙaton baƙin rami ke haddasawa a cikin gas mai zafi na taron gungun taurari na Perseus. Sai dai girgiza ɗaya tana cin kimanin shekara miliyan goma, wato sautin yana ƙasa da na tsakiyar fiyano da hawa 57. Da hukumar NASA ta fitar da shi a 2022, sai da aka ninka saurinsa biyu-biyu har sau 57 da 58 kafin kunne ya ji. Ninki 57 ya kai 144 da sifiri 15 a bayansa.

A duniyar Mirrihi kuwa akwai iska, ko da yake nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Motar bincike ta Perseverance, wadda ta sauka ran 18 ga Fabrairu, 2021, tana ɗauke da makirufo biyu, ta kuma ɗauko hurawar iska da ƙarar ƙafafunta. Daga nan aka auna saurin sauti a can, kimanin mita 240 a daƙiƙa.

Fassarar nan ba wasa ba ce. Wanda Díaz-Merced, 'yar tsibirin Puerto Rico, ta rasa ganinta tana ɗaliba. Maimakon ta bar fagen, sai ta koma sauraron bayanan taurari da aka mayar sauti, har ta sami digirin digirgir a Jami'ar Glasgow a 2013. Aikinta ya nuna cewa kunne na iya taimaka wa ido wajen tsamo ƙaramin sauyi da ya ɓuya cikin tarin bayanai.

Kammalawa

Malami na iya kawo wannan darasi aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A danne rula a bakin tebur, a bar rabinta a waje, a kaɗa. Sa'an nan a rage tsawon da ke waje a sake kaɗawa, ɗalibai su faɗi abin da ya sami sautin da dalilinsa. Bayan haka wani ya kara kunne a tebur, wani ya ƙwanƙwasa ɗaya gefen a hankali, su gane cewa katako ma yana miƙa turi.

Shi kuwa ɗalibi, in an sake turo masa guntun sauti aka ce daga samaniya yake, sai ya yi tambaya uku. Makaɗi ne ya ƙaga shi, ko na'ura ce ta auno? In na'ura ce, me ta auna, girgizar iska ko igiyar rediyo ko haske? Kuma sau nawa aka ninka saurinsa kafin kunne ya ji? Wanda ya san amsar waɗannan ba zai rasa jin daɗin kiɗan Holst ko na Sun Ra ba, kuma ba za a sayar masa da aikin ɗakin haɗa sauti da sunan binciken masana ba.